Ganin Dala Ba Shiga Birni Ba: Tarken Komowa Gida a Littafin Annapurna na Maurice Herzog

1.0 Gabatarwa

Labarin tafiya daɗaɗɗen reshe ne na adabi, kuma kusan kowace al'umma tana da irin nata. Abin da aka saba gani a wannan fanni shi ne marubuci ya zuba duk ƙarfinsa a kan shirin fita da wahalar hanya da isa inda aka nufa. Da zarar an isa sai alƙalami ya yi sanyi, a dunƙule komowa gida cikin jimla ɗaya ko biyu. Amma akwai wata irin tafiya wadda isa a cikinta rabin aiki ne kawai, wato hawan manyan duwatsu masu ƙanƙara. Wanda ya taka ƙololuwar dutse ya kai wurin da ya fi ko'ina nisa da gida, ga shi kuma a lokacin ƙarfinsa ya kusa ƙarewa.

A wannan maƙala za mu yi tarken littafin Annapurna na Bafaranshen nan Maurice Herzog, wanda aka buga a 1951. Za mu taƙaita nazarinmu a kan kashin ƙarshe na littafin, wato daga saukowa dutse zuwa isa birnin Faris. Manufarmu ita ce mu ga yadda marubucin ya sarrafa wannan kashi, da abin da ya fito da shi fili, da kuma abin da ya lulluɓe, domin a ganinmu nan ne ƙarfin littafin yake, nan ne kuma rauninsa yake.

2.0 Marubucin da Littafinsa

Annapurna dutse ne a cikin jerin duwatsun Himalaya a ƙasar Nefal, tsawonsa mita 8,091. Duwatsu 14 ne a duniya suka haura mita 8,000, kuma kafin 1950 babu wanda aka taɓa taka ƙololuwarsa. A wannan shekara wata tawaga ta taso daga Faransa ƙarƙashin jagorancin Herzog. A cikinta akwai ƙwararrun jagororin hawan dutse uku daga yankin Chamonix, wato Louis Lachenal da Lionel Terray da Gaston Rébuffat. Akwai kuma Jean Couzy da Marcel Schatz, da mai ɗaukar hoto Marcel Ichac, da likita Jacques Oudot, da Francis de Noyelle mai kula da hulɗa da hukuma. Shugaban 'yan ƙabilar Sherpa da suka yi wa tawagar aiki shi ne Ang Tharkay.

Ranar 3 ga Yuni 1950 Herzog da Lachenal suka isa ƙololuwa, ba tare da tulun iskar shaƙa ba. Sun sauko da rai, amma sanyi ya cinye wa Lachenal duk yatsun ƙafa, ya kuma cinye wa Herzog yatsun ƙafa da mafi yawan na hannu. Saboda haka Herzog bai rubuta littafinsa da hannu ba. Shifta ya yi yana kwance a Asibitin Amurka da ke Neuilly, kusa da Faris. An fassara littafin cikin harsuna da dama, an sayar da miliyoyin kwafi, kuma kuɗin da ya kawo ya taimaka wajen ɗaukar nauyin wasu tawagogin Faransa da suka biyo baya.

Ya kamata mu tuna halin da Faransa take ciki a lokacin. Shekara 10 ke nan da Jamus ta mamaye ta, shekara 5 da ƙare Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙasa ce mai ƙishin gwarzo. Wannan ƙishi yana da tasiri a kan yadda aka ba da labarin, kamar yadda za mu gani.

3.0 Zubi da Tsari

Littafin yana da babi 20. Babi na 13 ne ya kai mai karatu ƙololuwa, sannan babi bakwai da suka rage suka bi tawagar zuwa gida. Ke nan kusan sulusin littafin labarin komowa ne. Wannan tsari ba a banza aka yi shi ba. Da marubucin ya tsaya a babi na 13 da ya bar mu da rahoton nasara irin na jarida. Abin da ya mayar da rahoton ya zama adabi shi ne babobin da suka biyo baya.

Za mu iya kasa komowar kashi uku. Kashi na farko shi ne saukowa daga dutsen. Herzog ya cire safar hannunsa, ta suɓuce ta gangara, ya tsaya yana kallonta. A cikin jakarsa akwai safar ƙafa da zai iya sa wa hannuwansa, amma tunaninta bai zo masa ba, saboda ƙarancin iska a irin wannan tsawo yana dusashe hankali. Lachenal ya zame ya faɗi a kusa da zango na biyar, Terray ya nemo shi. Washegari guguwar ƙanƙara ta rufe su huɗu, suka ɓata hanya, suka kwana cikin wani ramin ƙanƙara. Da gari ya waye hasken ƙanƙara ya riga ya makantar da Terray da Rébuffat, domin sun cire tabarau suna neman hanya. Schatz ne ya tsince su. Daga bisani kuma ƙanƙara ta zaftare ta yi awon gaba da Herzog da 'yan Sherpa biyu da ke ɗaure da shi a igiya guda, Allah ya yi da sauran kwanansu.

Kashi na biyu shi ne tafiyar ƙasa. Damina ta sauka, koguna sun cika, majinyata biyu ba su iya taka ƙasa. Haka aka goya su a baya, aka ɗauke su a gadon majinyata, aka ratsa kwazazzabon Miristi Khola da dazuzzukan Lete da gonakin shinkafa, har kusan wata guda, kafin a isa tashar jirgin ƙasa ta Nautanwa a Indiya a farkon Yuli. Kashi na uku shi ne tarba, wato karramawar da aka yi wa Herzog a fadar Katmandu, da saukar tawagar a filin jirgin sama na Orly ranar 17 ga Yuli.

Abin lura a wannan zubi shi ne yadda komai ya juye. A lokacin hawa Herzog ne ke ba da umarni, shi ne gaba. A lokacin sauka ya koma kaya a bayan ɗan dako. Ƙauyukan da ya wuce da ƙafarsa yana kallon ƙololuwa, yanzu yana wuce su a kwance yana kallon sama. Wannan juyi shi ne ƙashin bayan littafin.

4.0 Jigo da Warwararsa

Babban jigon da marubucin yake son isarwa shi ne sadaukarwa, wato mutum ya ba da wani abu na jikinsa ya sami wani abu na ruhi wanda ya fi shi daraja. A dazuzzukan Lete zazzaɓi ya kai Herzog bakin kabari, ya bayyana yadda ya sallama, ya yi bankwana da duniya cikin natsuwa, kafin alluran fenisilin na likita su janyo shi. Daga nan ya ɗauki kansa a matsayin wanda aka sake haihuwa. Littafin ya rufe da mayar da dutsen alama ta duk wani buri da ɗan Adam zai sa a gaba bayan ya cika na farko.

Sai dai a ƙarƙashin wannan jigo akwai wani wanda labarin kansa yake faɗa, ko marubucin ya so ko bai so ba, shi ne dogaron gwarzo ga waɗanda ba a kira gwaraza ba. Masu iya magana kan ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A zango na biyar ƙafafun Lachenal sun kumbura har takalmansa ba su shiga, sai Terray ya cire nasa manya ya ba shi, ya matsa ƙafarsa cikin ƙanana, alhali ya san abin da hakan zai iya jawo masa. Terray da Rébuffat sun kwana suna murza gaɓoɓin abokansu, suka kuma haƙura da nasu rabon na taka ƙololuwa. Duk wanda ya karanta waɗannan babobi da idon basira zai ga cewa mutum biyu ne suka hau, amma jama'a ce ta sauko da su.

Nan ne jigogin biyu suka yi karo. Na farko yana ɗaga mutum ɗaya sama, na biyu yana nuna kafaɗun da ya taka. Marubucin ya yaba wa abokansa, ba mu musa ba, amma yabo ne irin na sarki ga fadawansa.

5.0 Salo da Sarrafa Harshe

Salon Herzog iri biyu ne, kuma bambancinsu a bayyane yake. Idan yana maganar ƙololuwa ko ƙasarsa ko makomar rayuwa, harshensa yakan tashi sama, ya cika da kalmomin ɗaukaka da tsarki. Idan kuwa ya zo maganar jiki, sai jimlolinsa su gajarce, su zama tsirara, babu ado. A ganinmu salo na biyu ya fi na farko ƙarfi nesa ba kusa ba.

Misali, likita Oudot yana yi wa majinyatan allura a manyan jijiyoyin jini na cinya da na hannu domin jini ya koma gaɓoɓin da suka daskare. Yakan daɗe yana laluben jijiyar da doguwar allura. Herzog bai ɓoye cewa ya yi kuka da ihu ba, bai ɓoye cewa ya rungume Terray kamar yaro ba. Haka kuma ya nuna yadda likitan yake yanke yatsun da suka ruɓe ɗaya bayan ɗaya a duk inda aka ya da zango, a gefen gona ko ƙarƙashin itace. Wurin da ya fi tsaya wa mai karatu a rai shi ne cikin jirgin ƙasa a hanyar Gorakhpur, inda likita yake jiran jirgi ya tsaya a tasha domin ya daina girgiza, sannan ya yi yanka da sauri. Da aka gama sai aka share taragon, yatsun mutane suka bi shara zuwa waje, jama'ar tasha suna kallo.

A irin waɗannan wurare marubucin bai gaya mana abin da za mu ji ba. Ya ajiye abin a gabanmu ya matsa gefe. Ga ɗalibin rubutu, wannan darasi ne babba. Safar hannu guda da ke gangarawa a kan ƙanƙara ta fi shafi goma na kalmomin baƙin ciki aiki, domin mai karatu ya riga ya fahimci cewa hannuwan mutumin ne suke tafiya tare da ita.

Raunin salon kuwa yana cikin zance tsakanin taurari. Kowa a littafin yana magana da ladabi da biyayya ga shugaba. Saɓani yakan taso ya kwanta nan da nan. Mutanen da suka yi wata uku cikin yunwa da gudawa da ciwo da fargaba, da wuya a ce harshensu ya zauna da tsabta haka. Wannan santsi shi ne ya fara sa mai nazari shakka.

6.0 Muryoyin da Ba a Ji Ba

Dalilin santsin ya fito fili daga baya. Kafin tawagar ta tashi, 'yan cikinta sun yi rantsuwar biyayya ga shugaba, sun kuma sa hannu a wata yarjejeniya wadda ta hana kowannensu buga labarin tafiyar har shekara biyar. Ke nan a lokacin da duniya take ɗokin jin labari, baki ɗaya ne kawai aka yarje wa ya buɗe. Hoton da ya bazu, wanda mujallar Paris Match ta sa a bangonta, na Herzog ne riƙe da tutar Faransa. Lachenal ne ya ɗauke shi. Hoton da aka ɗauki Lachenal kuwa bai fito sosai ba.

A littafin an zana Lachenal a matsayin mutum mai gaggawa da saurin fushi, wanda ya ƙosa a sauka tun ana ƙololuwa. Amma Lachenal jagoran dutse ne, da ƙafarsa yake ci da iyalinsa, kuma ya ji ƙafar tana mutuwa. Herzog da kansa ya kawo wurin da Lachenal ya tambaye shi abin da zai yi idan shi ya juya, ya amsa cewa zai ci gaba shi kaɗai, sai Lachenal ya bi shi. Herzog ya gabatar da wannan a matsayin haɗin kai wajen cika buri. Bayanan da Lachenal ya bari sun nuna wata fahimta dabam, wato ya bi ne domin ya tabbata idan ya bar abokin igiyarsa shi kaɗai ba zai dawo ba. Bai ɗauka cewa ƙasarsa tana bin sa bashin ƙafafunsa ba.

Ranar da jirgi ya sauka a Orly, ranar ce Lachenal ya cika shekara 29. Komowar mutanen biyu ba ta zama iri ɗaya ba. Herzog ya zama babban jami'in gwamnati mai kula da matasa da wasanni daga 1958 zuwa 1966, ya zama magajin garin Chamonix daga 1968 zuwa 1977, ya rayu har 2012. Lachenal ya sha aikin tiyata iri-iri, ya yi ta fama har ya koma kan dutse, sannan ya faɗa ramin ƙanƙara ya rasu a Nuwamba 1955 yana da shekara 34, daidai lokacin da wa'adin yarjejeniyar ya cika. Littafin da aka fitar da sunansa a 1956, Carnets du Vertige, ya bi ta hannun Gérard Herzog, ɗan'uwan Maurice, kuma an tace shi. Sai a 1996 Michel Guérin ya buga bayanan da aka cire, sannan a 2000 Ba'amurke David Roberts ya tattara batun cikin littafinsa True Summit. A rubutun Lachenal komowa gida ba ta da wani haske na ruhi. Ciwo ne da ƙuraje da ƙazanta da ɓacin rai da neman maganin kashe zafi.

Akwai kuma waɗanda muryarsu ta fi ta Lachenal nisa. Tawagar ta ratsa ƙauyuka a lokacin dashen shinkafa, lokacin da manomi ba ya son barin gonarsa ko da yini ɗaya. Da 'yan dako suka yi wuya, sai aka riƙa tattara mutane ba da son ransu ba. Littafin ya ambaci haka, amma a matsayin ɗaya daga cikin matsalolin hanya, kamar ruwan sama ko karyewar gada. Mutanen da suka goyi Herzog a kan tsukakkun hanyoyi a bakin kwazazzabo, mafi yawansu ba mu san ko sunansu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ang Tharkay, wanda Herzog ya gayyata zuwa ƙololuwa ya ƙi saboda ƙafarsa ta soma daskarewa, shi ne ya koma gida da yatsunsa cif. A littafin wannan shawara tasa ta wuce cikin 'yan layuka, alhali ita ce ta fi kowace hikima a ranar.

Wannan matsala ba ta Annapurna kaɗai ba ce. Bayan hawan Eberest a 29 ga Mayu 1953, tun tawagar ba ta bar Nefal ba aka shiga gardamar wanda ya riga taka ƙololuwa tsakanin Edmund Hillary da Tenzing Norgay, da gardamar ko Tenzing ɗan Nefal ne ko ɗan Indiya. An ba Hillary da shugaban tawaga John Hunt sarautar Sir, aka ba Tenzing lambar yabo ta George. A kan dutse igiya ɗaya ta ɗaure su, a ƙasa aka raba su. A hanyar gida ne ake yanke wanda labari zai zama nasa.

Masu nazarin adabinmu ba baƙi ba ne ga wannan dabara. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam ne ya komo gida ya ba da labarin yawonsa da bakinsa, kuma duk abin da muka sani game da Malam Zurƙe ta bakin abokin karawarsa muka ji shi. A ƙagaggen labari wannan abin nishaɗi ne, domin babu wani Zurƙe da zai ji ciwo. A labarin gaskiya kuwa, Zurƙen mutum ne mai iyali da suna, kuma abin da aka rubuta a kansa shi zai bi shi har kabari.

7.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun ga cewa Herzog ya ba komowa gida kusan sulusin littafinsa, kuma wannan kashi ne ya fi rai, saboda a cikinsa jiki ya tilasta wa alƙalami faɗar gaskiya. Mun ga kuma cewa gaskiyar ta mutum ɗaya ce, wadda yarjejeniya da buƙatar ƙasa suka share wa fage. Ba mu ce Herzog maƙaryaci ne ba. Wahalar da ya sha ta gaske ce, yatsun da ya rasa ba su tsiro ba. Abin da muke cewa shi ne ya ɗauki wahalar jama'a ya ɗinka wa kansa riga da ita. Saboda haka hukuncinmu shi ne littafin ya cancanci karatu, amma a karanta shi tare da bayanan Lachenal, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma wannan waƙa masu ita suna da yawa.

Ga marubutanmu masu tasowa, akwai abubuwa uku da za a ɗauka. Na farko, kada a rufe labarin tafiya da isa, a bi tauraro har ƙofar gidansa a ga abin da ya rage a jikinsa da zuciyarsa. Na biyu, a bar ƙaramin abu na zahiri ya ɗauki nauyin da manyan kalmomi ba su iya ɗauka. Na uku, duk wanda ya komo daga tafiya ya ɗauki alƙalami, ya tambayi kansa su wa suka goya shi a hanya, kuma me za su ce da su aka ba alƙalamin. Labari shi ne tsarabar matafiyi, kuma tsarabar da aka yi tarayya wajen ɗaukowa amana ce a hannun wanda ya shigo da ita gari.